Tayar Dama da Ban Kulle Ba

Akwai wata 'yar ƙara da ta ɓace daga duniya, ba wanda ya yi mata zaman makoki. Ƙas take yi, sau ɗaya tak, idan ka tsuguna gaban tayar a-kori-kura ka murɗa ɗan murfin da ke cibiyarta har ya kai maƙura. Yaran yanzu ba su san ta ba. Su maɓalli suke dannawa suna zaune da kofin shayi a hannu, ƙafafun motar huɗu su kama ja. Mu a zamaninmu sai ka fito, ko ana ruwa ko ana rana, ka kulle tayar hagu ta gaba da hannunka, ka zagaya ka kulle ta dama, sannan ka koma ka saka giyar taimako. Ni na taɓa kulle ɗaya na bar ɗaya. Wani ne ya ɗauki laifin a kansa fiye da shekara arba'in, bai kuwa san ni na ɗora masa ba. Mutumin nan shi ne babban abokina, kuma daga gidan 'yata a Springfield zuwa inda yake zaune a Manassas tafiyar rabin awa ce.

Injiniya nake kiransa, shi kuma ya ce mini Oga Direba, tun muna samari a Filato. 'Ya'yanmu ne suka kwaso mu zuwa ƙasar Turawan nan da tsufanmu, ni 'yata ma'aikaciyar jinya, shi ɗansa mai sana'ar yankan ciyawar gidaje da rani, da ture ƙanƙara daga hanya idan sanyi ya sauka. Ɗan nasa yana da tsofaffin a-kori-kura guda biyu, manya, irin na aikin ƙarfi, da yake ajiyewa a gefen gida. Kowace Asabar 'yata takan sauke ni can da hantsi, mu ja kujerun roba mu zauna tsakanin motocin nan biyu kamar alƙalai, mu ɗora musu daga inda muka tsaya makon jiya. Jikokinsa sun daina mamaki. Idan suka wuce sai su gaishe mu da Hausarsu mai santsi, mu amsa, su ƙarasa sauran maganar da Turanci suna dariya.

Musun ɗaya ne, a kan aksul ɗin gaba. Jar motar tana da irin na dā: bututun ƙarfe guda ɗaya daga wannan taya zuwa waccan, a kwance kan sifirin mai ganye, tayoyin suna juyawa a kan wani kakkauran ƙarfe da ake kira kimfin. Idan taya ɗaya ta faɗa rami, ɗayar ma sai ta ji, kai da ke ciki kuma ƙodarka ta ba da shaida. Farar motar ta fi ta ƙuruciya, kowace taya da hannayenta daban, ta hau ta sauka ba ruwan 'yar'uwarta, ga sandunan da ke juya su an sa musu rigar roba. Injiniya ɗan jar mota ne har ƙashinsa. Ni kuwa na riƙe fara.

“Oga Direba, dubi nan,” zai ce yana dukan bututun da sandarsa. “Ka rataya wa wannan garmar ƙanƙara shekara goma, ba za ta ce maka uffan ba. Kimfin ya ci? Ka fitar, ka sa sabon bushin, ka cika giris, shi ke nan. Taka fa? Roba ta yage, gishirin da ake zubawa a hanya don ƙanƙara ya shiga, sai a cire hannu ɗungurungum a jefar. Wannan gyara ne ko sayayya?”

“Injiniya, kai a ƙarƙashin mota ka yi rayuwarka, ni a cikinta. Ka tambayi bayana. Kuma ai mun ga ranar da irin taka ta ci amanar mutane.”

Da na faɗi haka sai ya shafa gemu, ni kuma in ci musu. Abu ɗaya kawai muka yarda da shi tare, wato akwai wata iri ta uku, mai haɗi a tsakiya kamar almakashi, wadda ke cin taya ta gefe guda har motar ta koma gwame. Ita kam mukan taru mu yi mata dariya, mu sha shayinmu.

Ban san ko akwai wanda zai gane daɗin garejin da muka tashi a ciki ba. Ba gini ba ne, inuwar itatuwan turare ce a bakin hanyar Bokkos, ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta yi ƙyalli. Da sassafe, sanyin Filato yana cizon yatsu, za ka ji ana hura gawayi, ana dukan rim da guduma, wani yana fito, ga mai kunun gyaɗa tana jera kwanoni. Ana wanke ƙarafa da kananzir a tsohon daro, a shanya su bisa buhu a jere yadda aka kwance su, don kada ɗaya ya ɓata wurinsa. Babu na'urar da ake liƙa wa mota ta faɗi ciwonta. Maigidan garejin, wani dattijo mai ido ɗaya, yakan ɗora kan dogon sukudireba a jikin inji, ya kafa ƙotar a kunnensa, ya lumshe idon nan ɗaya. Yakan ce mana, “Ku bari ta gama magana kafin ku ɗauki sifana.” A nan ƙasar na shiga garejin da ya fi ɗakin kwanana tsabta, makanikai da safar hannu, ba mai waƙa, ba mai zagin wani. Aikinsu yana kyau, ban ce ba ya kyau ba. Amma ban taɓa fitowa daga ciki ina jin na ziyarci mutane ba.

A cikin duk waɗanda dattijon ya koyar, Injiniya ne hannunsa na dama. Shi ne zai cusa giris cikin boris, 'yan ƙarafan da taya ke juyawa a kansu, da tafin hannu, a hankali, har ya ɓullo ta ɗaya gefen, ba ya yarda a shafa a sama kawai. Ni lokacin na samu tuƙin motar ƙungiyar manoman dankalin Turawa ta wasu ƙauyuka uku, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Ina da tsefe a aljihu, ina da madubi banda na mota. Da damina ta kusa, aka kai motar gareji don a kwance aksul ɗin gaba gaba ɗaya, domin hanyar ƙauyukan nan ba a shiga ta da ƙafa biyu idan ruwa ya sauka. Kwana tara Injiniya ya yi a ƙarƙashinta. Ranar da ya gama, ya goge hannu da tsumma, ya miƙo mini makulli yana murmushi, ya ce, “Je ka hau dutse da ita.”

Lodin farko bayan gyaran shi ne dankalin farkon girbi, wanda ƙauye ke jira tun shuka. Mata sun tona, maza sun ɗinke buhuna, aka cika motar har ta zauna. Ni kuwa a ranar na sa sabon farin takalmi sau-ciki, saboda idan na sauke kaya a kasuwar Jos akwai wata yarinya da nake son ta gan ni. Masu lodi suka tsaya haɗa kaya na biyu, na kamo hanya ni kaɗai.

Akwai rafi a hanyar, ba gada. Da na iso ruwan bai kai gwiwa ba, amma ya yi ja, alamar an yi ruwa a kan duwatsu. Na tsaya a bakin gangara. Gefena na hagu a kan fā yake, falalen dutse busasshe, na sauka na murɗa, na ji ƙas. Na leƙa gefen dama, sai na ga tayar ta nutse cikin caɓi har wuyan ƙafa. Na dubi caɓin, na dubi takalmina. Na ce wa raina ai ɗaya ta kullu, rabin ƙarfi ma ya ishe ni wannan ɗan rafin. Abin da na sani sarai, amma na ƙi tunawa a lokacin, shi ne babu wani rabin ƙarfi. A tsakiyar aksul akwai haƙoran da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin biyu, kuma halinsu shi ne su tura shi inda ya fi sauƙi. Idan gefe ɗaya a buɗe yake, can duka zai zube, sandar ciki ta yi ta juyawa a banza, tayoyin gaba duka biyu su zama 'yan kallo.

A tsakiyar rafi tayoyin baya suka fara tono. Na taka mai, suka ƙara nutsewa. Na leƙa ta taga na ga tayar gaba tsaye cik, ruwa yana zagaye ta. Kafin in yanke shawara sai na ji wani irin gurnani daga sama, ruwan duwatsu ya iso. Inji ya shaƙi ruwa ya mutu. To a nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Na ji muryoyin mutane suna gangarowa da gudu, sai na diro cikin ruwa har ƙugu, na laluba na murɗa murfin tayar dama, na kulle ta. Takalmin da na yi wa wannan hidima duka, ƙafa ɗaya ruwa ya tafi da ita a wurin.

Buhu kaɗan aka ceto. Sauran ruwa ya kwashe, waɗanda suka rage a ciki kuma suka ruɓe kafin a ja motar bayan kwana biyu. Na ga wata tsohuwa tana bin gaɓar rafi da ƙwarya tana tsintar dankali ɗaya-ɗaya, ko kuka ba ta yi. Dattawan ƙungiya suka zo suka duba: hagu a kulle, dama a kulle, giya a wurinta. Suka tambaye ni, na ce gaba bai ja ba, wanda gaskiya ne, irin gaskiyar da maƙaryaci ya fi so. Aka tara mu a ajin makarantar firamare. Injiniya ya miƙe, hularsa a hannu, ya ce, “Ni na yi aikin. Idan bai ja ba, ba wanda za a tambaya sai ni.” Ni ina zaune a bencin yara, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, ina ƙirga tsagar siminti.

Ya sake kwance aksul ɗin nan da hannunsa, ƙarfe-ƙarfe, bai ga komai ba, kuma rashin ganin ya fi komai cin ransa. Ƙungiya ta janye motocinta daga garejin, wasu suka bi. Dattijo mai ido ɗaya ya riƙe shi wata biyu, sannan ya kira shi gefe ya sallame shi. Injiniya ya tattara sifanunsa ya tafi Kaduna, inda ba a san shi ba, ya soma daga ƙasa. Mai kunun gyaɗar nan ta bi shi, suka yi aure a can, ita ta ciyar da gidan da cinikinta har ya tsaya da ƙafafunsa. Ni aka ba ni wata motar, aka ma yaba mini da na shiga ruwa. Yarinyar Jos kuwa wani malamin makaranta ta aura, bai taɓa mallakar ko keke ba.

Sau nawa na yi niyyar faɗa masa? Na yi niyya ranar aurensa, na ce ba ranar ɓata rai ba ce. Na yi niyya da aka haifi ɗansa. Da muka sake haɗuwa a nan, a wata majami'ar 'yan gida, ya rungume ni yana kuka yana kiran Oga Direba, na ce to bari mu huta tukuna. Matarsa ta taɓa ce mini, tana zuba mini gwate a kicin ɗinsu, “Ka san abokinka har ya bar aiki bai taɓa sallamar mota ranar da ya gama ta ba? Sai ta kwana, ya sake kwancewa ya duba. Rafin nan bai sake shi ba.” Na ce Allah sarki, na ci gwatena har na nemi ƙari. Ta rasu sanyin bara waccan. Ina ganin laifin nan nawa ne ya sa na riƙe farar mota da ƙarfi haka. Muddin ina zagin tsohon aksul, akwai wani mai laifi a duniya wanda ba ni ba.

Wata Asabar ɗansa ya tare ni a ƙofa kafin in ƙarasa wurin kujeru. Ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya rage murya. “Kawu, mun je wurin likita. Baba ya fara mantuwa, kuma sun ce gaba za ta yi, ba baya ba. Jiya sau uku ya tambaye ni ko Mama ta dawo daga kasuwa. Abin dā yana nan garau, na yau ne ba ya zama.” Ya ƙara da cewa zai sayar da jar motar, tsatsa ta cinye ƙasanta, mai saye zai zo ƙarshen wata. Na tsaya riƙe da ƙofa. Duk shekarun nan ina tsammanin lokaci nawa ne, ni zan zaɓi rana. Ashe akwai ranar da zan faɗa masa ya dube ni kamar ina karanta masa jarida.

Na same shi zaune gaban jar motar, ya sa hular sanyi ko da yake rana ta fito. Ganyen itatuwa ya fara zuba a kan gilashi. Ya ce, “Oga Direba, ka zo a ci gaba da ba ka ilimi?”

Na ce, “Injiniya, yau ba musu. Taso ka ga wani abu.”

Na kama hannunsa muka zagaya gefen dama. Tsugunawa a shekaruna ba ƙaramin aiki ba ne, amma na tsuguna, na ɗora hannu kan murfin tayar. Na faɗa masa duka, ban rage ba: fā, caɓi, takalmi, da yadda na diro na kulle da na ji mutane. Shi yana tsaye dafe da bonet, bai katse ni ba. Da na gama, motar ɗaukar shara ta wuce, muka jira ta yi nisa.

Na shirya wa zagi, na shirya wa sanda ma. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, “A buɗe take lokacin da ka shiga ruwa?”

“A buɗe.”

“Ta dama.”

“Ta dama, Injiniya.”

Ya ɗaga hannayensa biyu ya dube su, ciki da baya. “To aikina lafiya yake ke nan.”

“Lafiya lau yake. Ba a taɓa yi wa mota aiki irinsa ba.”

Sai ya zauna a kan bamba, ya fashe da kuka, irin na wanda aka sauke wa kaya. Yana kuka yana dariya yana cewa, “Na sani na sa komai daidai. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Na ce ko wani ɗan faifan ƙarfe na manta, na ce ko boris ne.” Ni ma ina durƙushe ina nawa. Can ya share fuska da hularsa, ya dube ni sosai, idon nan ya koma na saurayin da na sani. Ya ce, “Kai mugu ne, Oga Direba. Saboda takalmi.” Na ce haka ne. Ya ce, “Matata ta tafi ba ta ji wannan ba.”

Na kasa tashi, gwiwa ta riƙe, shi ne ya miƙo mini sandarsa na dafa. Na ce ya yafe mini idan zai iya, idan kuma ba zai iya ba, ba zan ga laifinsa ba. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

“Yafiya mai sauƙi ce, na yafe. Ga mai wuyar. Ka san kaina ya fara yoyo, sun ɗauka ban sani ba. Rafin nan ba zai fita ba, ya daɗe a ciki. Wannan da ka faɗa yau ne zai zube.” Ya riƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da saura ba. “Idan ka zo ka tarar na manta, ka sake faɗa mini. Daga farko. Kada ka rage takalmin.”

An zo an ja jar motar, wurinta ya bar tabon mai a siminti. Yanzu kujerunmu a gefen farar suke, ba na kuma yabonta. Wata Asabar yakan tuna, ya tare ni da “Mugu ya iso,” mu sha shayi. Wata Asabar kuma sai in ga ya yi tagumi, ya ce mini, “Oga Direba, har yanzu ina tunanin aikin nan na Bokkos, ban san me na bari ba.” Sai in ajiye kofina, in matso da kujera, in fara daga fā da caɓi. Kunyar ba ta raguwa, kowane karo sabuwa take zuwa. Sau shida ke nan na faɗa masa, kuma sau shida yana ɗaga hannayen nan yana dubawa, fuskarsa tana washewa.

'Yata ta ce Asabar mai zuwa tana da aikin safe, ba za ta iya kai ni ba. Na ce ta nuna mini yadda ake kiran mota a waya.